Kwadirufol

kwadirufol (suna, namiji). Asalin kalmar daga harsunan Turai, ma'anarta mai sanduna huɗu.

Wani irin tabarau ne da babu gilashi a cikinsa. Sandunan ƙarfe huɗu ne ake jerawa a cikin bututun da aka zuƙe wa iska. Biyu masu fuskantar juna suna ɗauke da cajin lantarki mai korar ƙwayoyin da ke wucewa, sauran biyun kuma mai jan su. Idan ayarin ƙwayoyi masu caji, kamar ilektaron ko furoton, ya ratsa tsakani, sai ya matsu ta gefe guda ya baje ta ɗayan, kamar curin fura tsakanin tafuka biyu.

Shi ya sa ɗaya ba ya isa. Ana bin sa da na biyu mai caji akasin na farko, sai ayarin ya tsuke kamar bakin allura. Nicholas Christofilos ya fara gano wannan dabara ta jerawa, kuma a 1952 Courant da Livingston da Snyder suka sake gano ta a Brookhaven, Amurka. Wolfgang Paul na Jamus ya yi amfani da sanduna huɗu wajen tace ƙwayoyi bisa nauyinsu, ya kuma samu kyautar Nobel a 1989.

Mai gyaran tsohuwar talabijin mai ƙaton baya a Magariya ya san ɗan'uwan kwadirufol. Yakan buɗe murfin baya, ya murɗa ɗan maɓalli da sukudireba, ƙarfin lantarki ya tattara ilektaron, hoton da ya yi hazo ya fito tar.