Karen Azawak da Wasan Gudu

A arewacin Tawa, wajen iyakar Nijar da Mali, akwai wani babban kwari da ake kira Azawak. Tun zamanin kakanni Buzaye makiyaya na wurin suke kiwon wani irin kare siriri mai dogayen ƙafafu. Da dare yakan yi tsaron zango da dabbobi, da rana kuwa ya bi maigidansa farautar zomo da barewa. Da ido yake farauta, ba da hanci ba. In ya hango abu ya motsa, sai ya sheƙa a guje. Ba wanda ya taɓa nema masa wasa, gama aikinsa ya ishe shi.

A farkon shekarun 1970 aka soma kai wannan kare Turai, musamman Yugoslabiya da Faransa, daga baya ya kai Amurka. Can ya sami abinci da shimfiɗa mai laushi, amma ya rasa daji. Yawancin karnuka masu farauta da ido ba su cika damuwa da ɗauko ƙwallo ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Turawa ma suna da nasu karnukan gudu. A Ingila, tun 1836 aka kafa gasar Waterloo Cup kusa da Libaful, inda ake sakin karnuka biyu su bi zomo mai rai. Mutane da yawa suka ga wannan mugunta ce, har aka yi dokar hana shi a 2004, gasar ta mutu a 2005.

Amma kafin nan an riga an sami wata hanya. A Kalifoniya ta Amurka, wayar shinge mai ƙaya takan yi wa karnuka rauni sa'ad da suke bin zomo. Sai wani mai suna Lyle Gillette da abokansa suka ɗaura farar leda a doguwar igiya, inji yana ja, tana karkacewa dama da hagu kamar zomo. Karnuka suka bi ta da iyakar ƙarfinsu, ba a zub da jini ba. A 1972 aka kafa ƙungiyar wannan wasa, karen Azawak kuma yana cikin masu yinsa yau.

Haka yake ga sauran karnuka. Gasar kora tumaki da aka yi a garin Bala na Wales a 1873 daga aikin karen makiyayi ta fito. Wasan neman abin da aka ɓoye kuwa daga aikin karnuka masu sansana ya samo asali. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Saboda haka mai kare ya lura da abin da karensa yake yi in ba a sa shi ba. Mai yawan sansana, a ɓoye masa ɗan nama cikin tsakar gida. Mai son gudu, a kai shi fili da sanyin safiya, a ja masa tsumma a igiya. In ya durƙusa da ƙafafun gaba, ya ɗaga ƙugu yana kaɗa wutsiya, wasan ya yi masa daɗi. In ya kau da kai, ko ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafu, a bar shi. Karen da aka ɗaure yini guda ba aiki ba wasa, shi ne yakan dami maƙwabta da haushi, ya tauna takalma, ya kashe kaji, sa'an nan a yi ta dukansa a kan laifin da ba nasa ba ne.