Yasmin a tukunya: lokacin datse rassa da hanyoyin kula da shi

Yasmin tsiro ne mai fure mai ƙamshi daga dangin zaitun, kuma masana sun ƙidaya ire-irensa kusan 200. Ɗaya daga cikin waɗanda ke jure zafi irin na ƙasar Hausa shi ne Jasminum sambac, wanda Larabawan Masar da Sudan ke kira "full". Asalinsa daga kudancin Asiya yake. Shi ne furen ƙasa na Filifin, kuma da shi Sinawa ke ƙamsasa ganyen shayi. Furensa fari ne, yana buɗewa da yamma, ba ya kuma daɗewa kafin ya faɗi.

Yasmin da ya cika tukunya da ganye amma ya ƙi fure, galibi matsalarsa ɗaya ce daga cikin uku: an datse shi a lokacin da bai dace ba, ko rana ba ta isarsa, ko taki ya yi masa yawa.

Tantance irin kafin komai

Ba duk tsiron da ake sayarwa da sunan yasmin ne yasmin ba. Cestrum nocturnum, wanda ƙamshinsa ke cika gida da dare, dangin tumatir da gauta ne, kuma ganyensa da 'ya'yansa suna da guba. Haka ma Gelsemium sempervirens mai ruwan ɗorawar fure. Saka furensu a shayi haɗari ne, barinsu inda yara da awaki ke kaiwa ma haka. Ganyen sambac yana da faɗi da sheƙi, yawanci bibbiyu suna fuskantar juna a kan reshe, furensa kuma yana da kauri.

Sanin irin shi ke nuna lokacin datsewa. Sambac yana fitar da fure a kan sabon toho, don haka rage masa rassa na ƙara masa fure. Wasu ire-iren ƙasashe masu sanyi, kamar Jasminum nudiflorum, a kan rassan bara suke fure, kuma wanda ya datse su kafin su yi fure ya zubar da furen shekarar ke nan.

Yadda ake datsewa

Babbar datsa sau ɗaya ake yi a shekara, a ƙarshen hunturu, lokacin da sanyi ya fara ja baya kuma toho bai kankama ba. A fara da busassun rassa da masu ciwo da waɗanda suka sarƙe cikin juna, sannan a rage tsawon sauran. Kada abin da aka cire ya wuce kashi 1 cikin 3 na tsiron. A yanka kaɗan sama da gaɓar da ganye ya fito, domin daga nan ne sababbin rassa za su tsiro. Almakashin ya kasance mai kaifi, a kuma goge shi da sifirit kafin a koma kan wata tukunya, gudun yaɗa cuta.

Bayan haka, duk lokacin da zubin fure ya ƙare, a tsinke kan rassan da suka yi furen. Idan sanyi ya shigo sai a dakata, saboda a lokacin girmansa yana raguwa.

Tukunya, ruwa da taki

Wajibi ne tukunyar ta kasance da huda a ƙasa. Ruwan da ya kwanta yana ruɓar da saiwa, musamman da damina. A haɗa ƙasar lambu da yashi da ruɓaɓɓen takin dabbobi. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa. Kafin a ba da ruwa, a cusa yatsa santimita 2 zuwa 3 cikin ƙasar, idan ta bushe a zuba har ruwan ya fito ta hudar. Da bazara wannan na iya zama kullum, da hunturu kuwa a rage.

Yasmin na bukatar rana ta kimanin sa'o'i 6. A watannin Maris zuwa Mayu gara ya sami ta safe, ya sha inuwa da tsakar rana, domin tukunya ta fi ƙasa saurin ɗaukar zafi. Takin yuriya yana ƙara ganye ya rage fure. Zai fi kyau a riƙa sa masa ɗan NPK sau ɗaya a wata lokacin da yake toho. Ana sauya tukunya duk bayan shekara 2 zuwa 3, sabuwar ta ɗara tsohuwar kaɗan kawai.

Ƙwari da ƙarin iri

Busasshiyar iskar hunturu tana kawo wasu ƙananan ƙwari masu saƙa kamar ta gizo-gizo a bayan ganye, akwai kuma farare masu kama da auduga da ke maƙalewa a gaɓa. Wanke ganyen da ruwa, da fesa ruwan sabulu kaɗan haɗe da man darbejiya da yamma, yana rage su.

Rassan da aka datse ma suna da amfani. Reshe mai ɗan ƙwari, mai tsawon santimita 10 zuwa 15, idan aka cire ganyen ƙasansa aka dasa shi a yashi mai danshi cikin inuwa, yakan yi saiwa cikin 'yan makonni.