Kariya: Furen Sahel da ke ƙawata gida ba tare da ɓarnar ruwa ba

A birane irin su Kano, Sakkwato da Maiduguri, inda zafin watan Afrilu kan haura maki 40 a ma'aunin Salshiyas, kuma gidaje da dama ke sayen ruwa a hannun 'yan garuwa, zaɓen furen da za a jera a gindin katanga ko gefen hanyar shiga gida batu ne na tattalin ruwa da kuɗi. Shi ya sa tsirran da ake shukawa sau ɗaya su yi shekaru suna fure suka fi dacewa. Kariya na sahun gaba a cikinsu.

Kariya, wadda masana tsirrai ke kira Adenium obesum, 'yar asalin yankin Sahel ce. Tana fitowa da kanta a daji tun daga Senegal har Sudan, da gabashin Afirka da kudancin yankin Larabawa. Gindinta mai kauri shi ne rumbun ruwanta. Da rani takan zubar da ganye, sannan ta yi furanni ja-ja masu farin ciki a tsakiya, lokacin da yawancin tsirrai suka bushe.

Tana buƙatar rana ta aƙalla sa'o'i shida a yini, da ƙasa mai yashi wadda ruwa ba ya kwanciya a cikinta. Yawan ban-ruwa ya fi fari kashe ta, domin saiwarta ruɓewa take yi. A wurin da ruwan damina ke taruwa, ana tayar da kunya kafin a dasa. Ana samun ta daga iri ko daga reshe. Idan reshe ne, sai a bar bakin yankan ya bushe na 'yan kwanaki kafin a binne shi.

Sai dai ruwan jikinta dafi ne mai taɓa bugun zuciya, wanda maharba a sassan Afirka suka daɗe suna shafawa a kibiya. Don haka ba a dasa ta inda yara ke wasa ko dabbobi ke kiwo, kuma wanda ya yanke ta ya wanke hannu da sabulu nan take.

Masu renon furanni a Thailand sun samar da nau'o'inta masu launuka daban-daban, suna sayarwa ƙasashen duniya, alhali a nan gida tana tsaye a daji, ba kasafai ake waiwayarta ba.