Tarihin Hanya da Gada a Ƙasashen Ikara da Makarfi da Kudan

Ƙasashen Ikara da Makarfi da Kudan su ne ƙofar Zazzau ta wajen arewa, kuma ta cikinsu mai zuwa Kano daga Zariya ya ke ratsawa tun zamanin da ba a san mota ba. Ƙasa ce mai fadamu da rafuka, ta shahara da rake da mazarƙwaila da tumatir. Da rani kowane rafi yaro ma ya kan tsallake shi, amma da damina ta kankama sai ya raba ƙauye da kasuwa, ya raba gona da gida. Saboda haka tarihin hanya a nan wurin tarihin gada ne, tarihin gada kuwa ya rataya ne a kan wanda ya biya.

A zamanin dā hanya ƙafa ce ta ke yin ta. Fatake su kan taso daga Kano da tufafi da kanwa da kirgi, su bi ta Bebeji su faɗo ƙasar Zazzau, madugu na gaba, jakai da takarkarai na biye, su sauka zango. In rafi ƙarami ne, mutanen gari su kan yi gayya su sari giginya su girka kadarko, su shimfiɗa kirare su zuba ƙasa. In kuwa babba ne, sai a nemi masu fito su ƙetarar da mutum da kayansa bisa gora, ya biya da wuri. Ba wata taska da a ke ɗiban kuɗin aiki daga cikinta. Ƙarfin talaka da kuɗin bafatake su ne jari. Ta wannan tafarki ne rundunar Turawa ta bi da ta tashi daga Zariya a ƙarshen Janairu 1903, ta fasa Bebeji, ta ci Kano ran 3 ga Fabrairu.

Da Turawa suka zauna, abin da suka fara yi shi ne aza wa ayarin fatake kuɗin hanya, wai ladan tsaron da suka kawo. Fatake suka yi ta kuka, har aka soke shi cikin 1907. A shekarar nan ce kuma Gwamna Girouard ya sa hannu ga aikin hanyar jirgi daga Baro zuwa Kano. Arewa ba ta da kuɗin da za ta ɗauki wannan nauyi, sai aka jingina da taskar Kudu. Amma hannuwan da suka yi haƙa na talakawan Arewa ne. Razdan ya gaya wa sarki, sarki ya gaya wa hakimi, hakimi ya aza wa dagatai, kowane gari ya ba da mutane. Wannan aiki ne a ke kira diga, kuma Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, wanda aka yi shi a zamaninsa, ya yi masa waƙa da a ke kira Waƙar Diga. Dogo ya isa Kano cikin 1911, aka kafa tasha a Likoro da Gimi. Nan da nan gyaɗa da auduga suka sami mafita, hanyoyin ƙafa kuwa suka juya akalarsu, maimakon su nufi zango sai suka nufi tasha.

To, a nan ne aka sami tushen da ya daɗe. An fara Baitulmali a Katsina, sa'an nan ya bazu cikin sauran ƙasashen sarakuna wajen 1911. Haraji da jangali da a ke tarawa sai a raba, rabi na Gwamnati, rabi na En'e. Daga rabon En'e a ke biyan albashin sarki da hakimai da alƙalai da dogarai, abin da ya ragu a yi aikin gari da shi. Tun da ya ke ragowar ba ta taka kara ta karya ba, galibin hanyoyin ƙauye hanyoyin rani ne. In ruwa ya ɗauke, dagaci ya tara mutane da fartanya da kwando, su share, su cike kwazazzabai, su mai da kadarkon da ruwa ya tafi da shi. Baɗi kuma a sake. Watau talaka ya biya sau biyu, ya ba da haraji, ya kuma ba da jikinsa. Cikin 1930 aka ƙulla yarjejeniyar duniya ta hana aikin tilas, Nijeriya kuma ta yi tata doka cikin 1933, amma dokar ta bar ƙofa ga ƙananan ayyukan gari, sharar hanya kuwa ta wannan ƙofa ta ci gaba da shigowa.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka tsara shirin raya ƙasa na shekara goma, wanda ya soma cikin 1946 da taimakon kuɗi daga Ingila. Siminti da ƙarfe suka fara maye gurbin giginya. Hanyoyi kuwa suka kasu uku: manya na Gwamnatin Tarayya, matsakaita na Jiha, ƙanana na En'e. Wannan rabo bai mutu ba. Da aka rushe En'e aka kafa ƙananan hukumomi cikin 1976, Ikara ta zama ɗaya daga cikinsu, daga baya aka fitar da Makarfi, aka kuma fitar da Kudan mai hedkwata a Hunkuyi. Su ne suka gaji ƙananan hanyoyi, watau waɗanda suka fi yawa, masu su kuwa suka fi kowa ƙarancin kuɗi. Shi ya sa a kan jira agaji daga sama, kamar hukumar hanyoyin karkara da Janar Babangida ya kafa cikin 1986, ko ayyukan karkara na zamanin Gwamna Ahmed Makarfi, ɗan wannan ƙasa, daga 1999 zuwa 2007.

Babbar hanya kuwa sha'aninta dabam ne. An mai da ta tagwaye, ta ratsa ta Tashar Yari ta nufi Kwanar Ɗangora. Da ta lalace, aka ba kamfanin Julius Berger kwangilar gyaranta daga Abuja har Kano, kimanin kilomita 375, a ƙarshen 2017, a kan naira biliyan 155. Cikin 2021 aka mai da aikin sabon gini ɗungum, kuɗin ya haura biliyan 797. Wani sashe na kuɗin ya fito ne daga dala miliyan 311 na dukiyar da aka ƙwato daga ajiyar Janar Abacha, waɗanda Amurka da tsibirin Jersey suka maido cikin 2020, aka raba wa wannan hanya da ta Legas zuwa Ibadan da gada ta biyu ta Kwara. Cikin Mayu 2023 aka yi bikin buɗe sashen Kaduna zuwa Kano.

Abin lura shi ne, duk sa'ad da hanya ta ƙara kyau, sai ta ƙara nisa da mai tafiya ƙasa. Hanyar fatake tasa ce, shi ya taka ta. Hanyar En'e shi ya share ta, ya kuma bi ta da jakinsa. Tagwayen hanya kuwa an yi ta ne domin mota mai gudu, ta tsaga gari biyu, kasuwa a wannan hannu, makaranta a wancan. Ga mai tallar rake, da ɗan makaranta, da makiyayi wanda burtalinsa ya ci karo da kwalta, ta zama rafin da ba ya ƙafewa rani da damina, ba shi kuma da masu fito. Gadar sama ta masu ƙafa ita ce kadarkon wannan rafi, kuɗinta kuwa ƙalilan ne in an gwada da na kwalta. Amma hanyar ta Tarayya ce, masu ƙetarawa na ƙaramar hukuma ne, kowane ɓangare yana iya cewa nauyin na ɗaya ne. Dā can ba a jayayya a kan wanda zai girka kadarko, domin mai sarar giginya shi ne mai ƙetarawa. Rabon nan na uku shi ya raba mai biya da mai bukata, kuma a wurinsa ne ya kamata a nemi gyara.