Daga Taka-Saraki Zuwa Silifa: Tarihin Takalmin Matafiyi A Ƙasar Kano

Duk shekara idan watan Zulƙida ya kama, gidajen maniyyata a nan Kumbotso da Panshekara sukan cika da shirye-shirye. An ɗinka kaya, an sayi jaka, an daka yaji, an soya dambun nama. Abu na ƙarshe da ake tunawa da shi shi ne takalmi. Sai ana jibi tashi wani ɗa ko 'ya ta ruga kasuwa ta zaɓo mai sheƙi, wanda zai dace da hoton filin jirgi, a ajiye shi cikin kwalinsa har ranar tafiya. Bayan mako biyar Alhaji ko Hajiya ta dawo, a zo barka da sauka, a tarar da ƙafa duk tabon bororo. Tafiyar da ake yi daga tanti zuwa wurin jifa a Mina ta kilomitoci ce, cikin zafi da turmutsutsu, kuma sabon takalmi ba ya jin kunyar kowa.

Abu biyu muke nema a takalmin tafiya: ya yi daɗin takawa, ya kuma yi kyan gani. Mun saba ɗaukar cewa dole a bar ɗaya kafin a samu ɗaya, ko kuma sai an biya kuɗi mai yawa an sayi na waje. Abin mamakin shi ne a bayan gidajenmu, a rukunin masana'antu na Challawa, ake jeme fatar da ake ɗinka wasu daga cikin waɗannan na wajen da ita. Kuma kakanninmu, waɗanda suka fi mu tafiyar ƙafa nesa ba kusa ba, sun daɗe da warware wannan matsala.

Labarin takalmin ƙasar Hausa ya shiga littafi tun kusan shekara 500 da suka wuce. Matafiyin nan Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, a littafinsa da aka buga a 1550, ya ambaci cewa a Gobir ana ɗinka takalma irin waɗanda Rumawan dā suke sawa, ana kai su Tambutu da Gao. Wato tun lokacin sana'ar ta wuce biyan buƙatar gida, ta zama hajar fatauci.

Wanda ya ba mu lissafi dalla-dalla shi ne Bajamushen nan Heinrich Barth, da aka sani a nan da Abdulkarim, wanda ya shigo Kano a watan Fabrairun 1851, zamanin Sarki Usman ɗan Ibrahim Dabo. Ya zaga Kasuwar Kurmi, ya tambayi farashi, ya rubuta. A ƙiyasinsa, tufafin da Kano ke saƙawa ta rina ta fitar sun kai na wuri miliyan 300 a shekara, takalma kuma na wuri miliyan 10. Ya yaba tsaftar ɗinkinsu da nisan inda ake kai su, ya kuma ce mafi tsadarsu, wanda ake kira taka-saraki, wuri 200 ne kacal. Mu yi lissafin da kanmu: ko da a ce duka taka-saraki ne, wuri miliyan 10 ya ba da takalmi ƙafa dubu 50 a shekara. Tunda yawancinsu ba su kai wannan kuɗi ba, adadin ya zarce haka sosai. Barth ya ƙara da wani abu: Larabawa mazauna Kano suna ɗinka takalmin da ake kira balga da fatar ƙasar nan, ana ɗaukarsa zuwa Afirka ta Arewa. Takalmi ne ke ƙetare Sahara daga kudu zuwa arewa, ba fata tsura kaɗai ba.

Sirrin yana cikin fatar da kuma hannun da ya sarrafa ta. Jar akuyar Sakkwato da Maraɗi tana da fata mai laushi da ƙarko, irin wadda ake lanƙwasawa ba ta tsage ba. Ita ce ta bi ayarin raƙuma ta isa Turai ta tashoshin Afirka ta Arewa, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Majema su jiƙa ta da toka don gashi ya fita, su kankare, su tsoma ta a ruwan bagaruwa, su shafe ta da mai, su yi ta murzawa har ta yi taushi. Ja daga karan dafi yake fitowa, rawaya daga gangamau. Daga nan aiki ya koma hannun dukawa, waɗanda har yau unguwarsu a cikin birni take ɗauke da sunan sana'arsu. Fatar sa, mai kauri, ita ke zama ƙasan takalmi, ta akuya kuma ita ke taɓa fatar mutum.

Su wa suka taka waɗannan takalma? Na farko fatake. Hanyar Gwanja ta tashi daga Kano ta bi ta Yawuri, ta haye Kwara, ta ratsa Bargu, ta faɗa Yandi, ta ƙare a Salaga, cikin ƙasar Gana ta yau. Ko a miƙe aka auna, tazarar ta haura kilomita 1,000, kuma ayari ba ya tafiya a miƙe. Madugu da manyan attajirai na bisa doki, amma masu kora jakuna da 'yan alaro a ƙasa suke, wata da watanni. Suna tafiya da kanwa da tufafi da gabu da kayan fata, su komo da goro. Wannan yanki namu na kudu da birni yana tsakiyar harkar. A Bebeji aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, cikin zuriyar Agalawa masu fataucin goro. Kura kuwa ta yi suna da rini da bugu, turkuɗinta mai sheƙi da ake kira ɗan Kura har Azbin ake kai wa Buzaye.

Na biyu alhazai. Kafin mota da jirgin sama, hanyar Makka ta Barno take bi, ta wuce Wadai da Darfur, ta kai bakin Bahar Maliya a Sawakin. Mutum ya yi tafiya, guzuri ya ƙare, ya tsaya ya yi noma ko ƙwadago, ya sake ɗaukar hanya. Shekaru ake yi, wasu ma ba su dawo ba, jikokinsu na Sudan har yau. Ga irin wannan matafiyi, ƙafa ita ce jari. Ƙaya ɗaya da ta karye a tafin ƙafa ta ruru tana iya raba mutum da ayari, wanda ayari ya bari kuwa ya shiga hannun Allah.

Saboda haka takalmin matafiyi ya ɗauki siffar hanyarsa. Ƙasansa shimfiɗaɗɗe ne, ya ɗan fi tafin ƙafa faɗi, don kada tsidau da ƙarangiya su samu gefe, kada kuma ƙafa ta nutse a rairayi. Samansa a buɗe yake, iska na shiga, gumi na bushewa. Cire shi ba wuya, domin mai alwala sau biyar a yini, mai tuɓe takalmi in zai gaida na gaba, ba ya son abin da sai an kwance igiya. In hancinsa ya tsinke, basilla da tsinken fata sun isa a gyara shi a zango. Sauran buƙatu kowacce da nata: mahayin doki da kurufa mai kaiwa ƙwauri, malami da huffi a lokacin sanyi, mai ratsa taɓon damina da ɗangarafai na itace. Ado ma yana da gurbinsa. Takalmin gashin jimina da Sarkin Kano ke sawa ba na zuwa Salaga ba ne, kuma ba wanda ya taɓa ruɗa su. Sai dai ko na tafiyar ba a bar shi tsirara ba: ana yi masa zane da jar fata da koriya, a yi masa ɗinki mai tsari. Kyan yana jikin aikin, ba a manna shi daga baya ba.

Abin ya fara sauyawa bayan Turawa sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa kuma ya iso a 1911. Kamfanonin Turawa ba takalmin Kano suke so ba, ƙirgi da fata suke so, a ɗaure a loda a tarago zuwa Legas. Ayarin Sahara ya mutu a hankali, goro ya koma jirgi da mota. Taya da ta ƙare a jikin mota ta samu sabon aiki: aka riƙa yanka ta ana yin takalmin taya, wanda makiyaya da manoma suka runguma saboda ƙaya ba ta huda shi. Makarantar boko ta zo da sandal na Bata da kambas na ranar wasanni, aikin ofis ya zo da sau-ciki da safa. Daga baya roba ta mamaye komai, silifa ta zama takalmin kowa.

A wannan yanki mun ga wani sauyin da idonmu. Da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ya biyo magudanai ya shiga gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam. Ƙasar da ta saba bushewa wata bakwai ta zama mai laka rani da damina. Mai shinkafa da mai tumatir a Kadawa ba zai shiga fadama da fata ba, ruwa zai lalata ta cikin mako guda. Dogon takalmin roba ya zama dole, kuma daidai ne, domin yana kare ƙafa daga tsagiya da maganin feshi da sarar maciji. Wannan ma bin ƙa'idar kakanni ne: kowace ƙasa da takalminta. Inda muka kauce shi ne da muka ɗauki robar muka kai ta inda ba wurinta ba, muka hau doguwar tafiya da ita a kan kwalta mai zafi, inda ba ta shan gumi, ba ta kuma bin siffar ƙafa.

A daidai wannan lokaci masana'antun jima na zamani suka kafu a Bompai da Sharaɗa da Challawa. Sun bar bagaruwa sun koma sinadarin kurom, wanda ke gama aiki cikin sauri. Mafi kyan fatar da suke fitarwa tana tafiya Italiya da Sifaniya, inda ake mayar da ita takalma da jakunkuna masu tsada. Wata kuma ta gangara Aba, inda dubban masu ɗinki ke aiki da ita. Abin da ya rage mana a nan shi ne albashin leburanci da wari da gurɓataccen ruwan da ke gangarawa kogin Challawa, wanda masu lambu a gaɓarsa suka daɗe suna kuka da shi. A zamanin Barth muna fitar da takalmi gamamme. Yau muna fitar da fata, mu shigo da takalmi, sau da yawa ma gwanjo.

Duk da haka sana'ar ba ta mutu ba. A Ƙofar Wambai da lungunan Kurmi da unguwar Dukawa akwai matasa da ke yanka suna ɗinkawa kullum, wasunsu har suna tallata aikinsu a Instagram da WhatsApp. Matsalarsu ita ce mu. Muna zuwa musu da neman araha, su kuma su ba mu abin da kuɗinmu ya saya: fatar roba a sama, kwali a tsakiya, gam a madadin zare. Kwana arba'in ya ɗaye, mu ce aikin gida ba ƙarko. Araha dai ba ta ado, ba ta kuma tafiya mai nisa.

Mai shirin tafiya, Makka ce ko bautar ƙasa ko fatauci zuwa Kwatano, zai iya aron dabarar fatake ba tare da ya kashe dukiya ba. Ya je wurin baduku da kansa, da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura da zirga-zirgar yini, ya taka takarda a zana ƙafafunsa duka biyu, domin da wuya su zo daidai da juna. Ya nemi fatar gaske a duk inda zai taɓa jiki, ya shinshina ya murza ya tabbatar. Ya ce a ɗinke ƙasan da zare, kada a tsaya ga gam, a sa masa roba mai ɗan taushi wadda ba ta santsi a kan tayil. Dunduniya ta zama gajera, gaba ya bar wa yatsu wuri, a kuma sa maɗauri ta baya don kada yatsu su gaji da riƙo. Namiji mai harami ya tuna a bar idon sawu a buɗe. Sannan ya fara sa shi tun saura wata guda, zuwa masallaci da kasuwa, har fatar ta san ƙafar. Mai ciwon suga, wanda ƙaramin rauni a ƙafa kan zame masa babban al'amari, shi ya fi kowa buƙatar wannan haƙuri, kuma ya riƙa duba tafin ƙafarsa kowane dare.

Launi da zane kuwa, wannan ya rage ga mai takalmi da badukunsa. Ja na karan dafi bai daina kyau ba, kuma yana tafiya da farar shadda kamar yadda yake tafiya da atamfa. Bana idan maniyyacin gidanmu ya fara haɗa jaka, mu sa takalmi a farkon lissafi, mu kai shi a auna ƙafarsa tun watan Shawwal.