Daga Goriba Zuwa Biskit: Tarihin Ƙwalamar Yaran Hausawa

A zamanin kakanninmu, mutum yana iya gane lokacin shekara daga abin da ke aljihun yaro. Da damina ɗinya ce da 'ya'yan kaɗanya. Da kaka, dafaffiyar gyaɗa da gurjiya da gasasshiyar masara da takanɗa. In hunturu ya shigo sai magarya da kanya da aduwa da goriba, da bazara kuma mangwaro. Kowane abu da lokacinsa, in ya wuce sai baɗi. Haƙuri da ƙwalama, yanayi ne ke koya wa yaro shi tun kafin iyaye su buɗe baki.

Akwai kayan zaƙi a wancan lokacin ma. Ana yin alkaki da nakiya da alewa, ana dafa ruwan rake a sami mazarƙwaila. Sai dai yawancinsu na biki ne ko suna ko salla, domin aikinsu da wahala, zuma kuma da tsada. Wahalar yin abu ita ce ta iyakance cinsa.

Babban sauyi na farko ya biyo layin dogo. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Turawa suna sa ran auduga, manoma kuwa suka zaɓi gyaɗa. Daga 1912 cinikinta ya bunƙasa, har aka kai ga dalar gyaɗa da sunan Alhassan Ɗantata ya shahara da ita. A cikin gidaje, mata suna matse mai, su mulmula tunkuza su soya ƙuli-ƙuli, 'yan mata su kai talla. Masaniyar nan Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike a birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna yadda yara suka kasance ƙafafun wannan kasuwa ta matan kulle. Talla ta hana 'yan mata da yawa karatu, wannan ba abin yabo ba ne. Amma abin da yaro ya saya da kwabonsa, an san gidan da aka yi shi, an kuma san abin da aka zuba ciki.

Sauyi na biyu daga masana'antu ya fito. An kafa kamfanin Nigerian Bottling Company, mai yin Coca-Cola, a 1951. A shekarun 1960 masana'antar sukari ta Bacita ta fara aiki. Kuɗin man fetur na shekarun 1970 suka cika tebura da biskit da minti da cingam, taliyar Indomie ta shigo a ƙarshen shekarun 1980. Waɗannan kaya ba ruwansu da damina ko rani, ba sa lalacewa da wuri, kuma suna nan a bakin kowace makaranta. Har ila yau sun zo da daraja: lemon kwalba ya zama abin karrama baƙo, goriba ta koma abin 'yan ƙauye. Mu 'yan boko muka fi kowa rungumar wannan ra'ayi, kwandon abincin makarantar 'ya'yanmu shaida ne.

A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu a rana, in da hali ma ya tsaya ƙasa da kashi 5, wato kimanin cokalin shayi 6 ga babba. Kwalbar lemo mai santilita 35 tana ɗauke da kusan cokali 9. Dokar kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan lemuka a Najeriya, amma naira 10 ba ta hana yaro kuka a gaban mai tireda.

Abin da tarihin ke nunawa shi ne iyakar da yanayi da wahalar aiki suka gindaya ta rushe, aikin ya dawo kan iyaye. A sa wa ƙwalama lokaci, misali hantsi da la'asar, kada a bar yaro yana tauna yini guda har tuwon dare ya gagare shi. A ajiye abin da ake so ya ci inda hannunsa zai kai: dabino, ayaba, gwanda, dafaffen ƙwai, kindirmo da garin kuka mai yawan bitamin C. A mayar da lemo da cakulan matsayin da alkaki yake da shi a da, na ranar biki. Kada a mai da alewa ladan yin shiru, domin hakan na koya wa yaro cewa ta fi abinci daraja. Ɗan ƙasa da shekara 5 kuma a niƙa masa gyaɗa da aya, gudun shaƙewa.

Sannan uba ya duba abin da shi kansa yake shigowa da shi a leda da daddare. Yaro ya fi koyo da ido, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.