Gawu Babangida da Ruwan Gurara

Mafi yawan matafiya masu bin hanyar Suleja zuwa Minna, in sun wuce Diko suka doshi Lambata, ba su ɗauki ƙasar da suke ratsawa a bakin kome ba face wurin sayen doya da gawayi a gefen titi, alhali kuwa Gwarawa suna nomanta tun kafin Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya baro Zariya a zamanin jihadi, balle kuma ƙanensa Abu Ja ya kafa Abuja a 1828, birnin da ya bar wa babban birnin tarayya sunansa ya koma Suleja. Gawu, hedkwatar ƙaramar hukumar Gurara, tana cikin masarautar Suleja, kuma ta girmi Janar Babangida da aka haɗa sunansa da nata nesa ba kusa ba.

Cikin garin kansa, ban da sakatariya da kasuwa da makarantu, babu abin da zai tsai da baƙo. Abin alfaharin ƙasar yana wajen ƙauyen Bonu, inda kogin Gurara, a kan hanyarsa ta zuwa kogin Kwara, yake faɗowa daga kan duwatsu kimanin mita 30. Da damina, musamman watan Agusta, ruwan yakan yi jawur da laka, ya cika fuskar dutsen baki ɗaya, rurinsa ya hana mutum jin maganar na kusa da shi, feshinsa kuma ya jiƙa riga tun daga nesa. A wannan lokaci mai hankali kallo yake yi daga tudu, ba ya tsoma ko ƙafa. Da rani kuwa, daga Janairu zuwa Maris, sai ya janye ya rabu igiya igiya, ya bar yashi da kududdufai garau inda ɗalibai ke wanka, magidanta su shimfiɗa tabarma a inuwa.

Riwayar da ake ta maimaitawa ita ce wai wani maharbi Bagwari mai suna Buba ya gano wurin a 1745, Turawa kuma suka iske shi a 1925. Amma riwaya ce marar isnadi, kuma hankali ba ya karɓar cewa mutanen da ke jin wannan ƙugi daga gonakinsu kowace damina sai da wani maharbi ya zo ya nuna musu shi, balle a ce an kiyaye shekarar daidai a ƙasar da ba a rubuta tawarihinta a lokacin ba.

Abin takaici, an datse wannan kogi can sama cikin jihar Kaduna, ana tura ruwansa ta bututu zuwa madatsar Usuma domin mutanen Abuja su sha, su kuwa ma'abota bakinsa gwamnatocin jihar Neja sun sha yi musu alkawarin masauki da wurin shaƙatawa irin na zamani. Har yanzu baƙon da ya zo da safe yakan duba rana tun la'asar, domin ya koma Suleja ya kwana.